Ƙin Tashin Tsohuwar Mota Jefi-Jefi

Ƙin tashi jefi-jefi matsala ce da mota ke tashi lafiya lau yau, gobe ta ƙi, jibi kuma ta tashi ba tare da an taɓa komai ba. An fi ganinta a tsofaffin motoci masu kafireto da kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da tartsatsi), irin waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970. Ba a yi ittifaƙi kan shekarun da mota za ta kai kafin a kira ta ta tarihi ba: ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ce 30, dokar harajin Birtaniya ta ce 40. Kanikawa na ɗaukar wannan matsala a matsayin mafi wuyar sha'ani, domin sau da yawa ranar da aka kai motar gareji ranar take tashi da murɗa makulli ɗaya.

Asalin tsarin

Motocin farko da hannu ake tayar da su, a sa handul a gaban inji a juya da ƙarfi. Idan injin ya yi baya, handul kan karya hannun mai juyawa. Charles Kettering, injiniya ɗan Amurka, shi ya sauya wannan. Kamfaninsa na Delco da ke Dayton a jihar Ohayo ya samar da tsarin wuta mai batir da kwayil da kwantak, wanda aka fara sa wa Cadillac wajen 1910, sannan a 1912 Cadillac ta fito da sitata mai aiki da lantarki. Daga sunan kamfanin ne masu magana da Faransanci suke kiran distiributa "delko" har yau. Ba da jimawa ba Vincent Bendix ya ƙirƙiro ɗan giyar da ke fita ya kama haƙoran filawil, wato babban faifan ƙarfe da ke bayan inji, ya koma da kansa idan inji ya tashi. An ce a 1914 aka fara amfani da shi a wata Chevrolet.

Tsarin Kettering ya yi shekara sittin da wani abu bai canza sosai ba. Abin da ya canza shi ne ƙarfin batir. Motocin Amurka sun bar bolt 6 zuwa bolt 12 a tsakiyar shekarun 1950, Volkswagen Beetle kuwa sai wajen 1967. Wannan yana da muhimmanci, domin mota mai bolt 6 tana jan wuta kusan ninki biyu kafin sitata ta juya, saboda haka tana buƙatar waya mai kauri, kuma 'yar tsatsa a kan batir ta isa ta hana ta tashi. Yawancin motocin Ingila kuma, har tsakiyar shekarun 1960, kan batir mai alamar tarawa ake ɗaurewa a jikin mota, saɓanin yadda ake yi yanzu. Chrysler ta fara sa wutar lantaroni marar kwantak a 1972.

Idan injin bai juya ba

Tambayar farko ita ce: inji ya juya ko bai juya ba? Idan an murɗa makulli aka ji "ƙas" sau ɗaya, ko shiru, laifin yana tsakanin batir da sitata. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna wajen 12.6, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin da sitata ke juyawa. Batir ake fara zargi, amma sau da yawa ba shi da laifi. Kan batir mai tsatsa, da wayar da ke haɗa inji da jikin mota, da makunnin da ya ci, su ne ke kama wuta yau su saki gobe, gwargwadon zafi da girgiza. Ana gane su ta auna wutar da ke ɓacewa a kowace waya yayin da ake murɗa makulli. Fiye da rabin bolt alama ce ta mugun haɗi. Aunawa lokacin da ba a murɗa makulli ba ba ta nuna komai.

A cikin sitata, burushin gawayi kan cinye, ko wani ɓangare na tagullar da yake gogawa ya mutu. Idan sitata ta tsaya daidai wurin, ba za ta motsa ba. Shi ya sa ɗan bugun ta da guduma kan tayar da mota, dabarar da ke tabbatar da ciwon amma ba ta warkar da shi. Haƙoran filawil ma sun fi cinyewa a wurare ƙalilan, domin inji yakan tsaya a kusan waje ɗaya. A mota mai giyar otomatik akwai makunnin da ke hana tashi sai giya na firi ko fakin, shi ma yakan sassauta.

Idan ya juya bai kama ba

Nan saura wuta ko mai. Kwantak yana ƙonewa kuma tazararsa na raguwa. A Beetle milimita 0.4 ake so. Kwayil da kwandensa suna da wata ɗabi'a: su yi aiki da sanyi, su mutu da zafi, su farfaɗo bayan sun huce. Raɓa a cikin murfin distiributa kuwa akasin haka take yi, da safe ko bayan ruwan sama take hana wuta isa fulogi. Akwai alama ɗaya da ba ta ɓuya: inji ya kama muddin ana riƙe da makulli, ya mutu da an saki. Wannan aikin ɗan resistan da ke gaban kwayil ne, wanda wuta ke tsallake shi lokacin tayarwa kawai.

Ta fannin mai, zafin inji kan tafasa fetur a cikin bututu ya zama tururi, famfo ya kasa turawa, sai an jira. Fetur na zamani mai gauraye da etanol ya ƙara tsananta haka. Famfon mai na lantarki na kamfanin SU da ke cikin motocin MG da Morris yana da nasa kwantak, wanda kan maƙale har sai an ƙwanƙwasa shi. Cok, mai ƙara wa inji fetur idan yana da sanyi, shi ma yakan maƙale.

Gyara

Masu riƙe da irin waɗannan motoci sun rabu kan cire kwantak a sa na lantaroni. Wasu na ganin sauƙi, wasu sun fi son abin da za a iya gyarawa a bakin hanya da sukurdireba. Kanikawa kan shawarci mai mota ya riƙa rubuta yanayin duk ranar da ta ƙi, da zafi ne ko da sanyi, da ƙarar da ta yi, kuma a sauya abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu.