Ina Aka Kwana Kan Shirin Sake Sarrafa Tsohon Kafet a Kalifoniya? Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka ana shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango a gidaje da ofisoshi, kuma idan ya tsufa akan ɓamɓare shi a kai juji. Ƙididdigar hukumar kare muhalli ta ƙasar ta nuna cewa a shekarar 2018 an zubar da kafet da darduma kimanin tan miliyan 3.4, amma abin da aka sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Jihar Kalifoniya ce ta fara tunkarar matsalar da doka.

Mene ne wannan shiri, kuma wa ke tafiyar da shi?

Tushen shirin shi ne cewa wanda ya ƙera kaya ya sayar, yana da alhakin kula da inda kayan za su ƙare bayan an gama amfani da su. A shekarar 2010 majalisar dokokin Kalifoniya ta zartar da dokar AB 2398, wadda ta wajabta wa kamfanonin kafet shiga wani tsari na tattara tsohon kafet da sake sarrafa shi. Ƙungiyar da ke gudanar da aikin ita ce CARE (Carpet America Recovery Effort), wadda aka kafa a 2002 bisa yarjejeniyar sa-kai tsakanin masana'antun kafet da hukumomi, kuma hedikwatarta tana garin Dalton na jihar Jojiya, cibiyar ƙera kafet a Amurka. Hukumar jihar mai suna CalRecycle ce ke duba tsare-tsaren ƙungiyar, ta amince da su ko ta mayar mata da su, kuma tana da ikon cin ta tara.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Daga aljihun mai saye. Tun daga 1 ga Yulin 2011 ake ƙara wani ɗan kuɗi a kan kowane yadi murabba'i na sabon kafet da aka sayar a jihar. An fara da santi 5, ya koma 10 a 2015, 20 a 2016, 25 a 2017, sannan 35 a 2019, daga baya kuma aka sake ƙara shi tare da bambanta shi gwargwadon nau'in kafet. Mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a matsayin tallafi ga masu tattarawa da tantancewa, da masu niƙa kafet su ware zare, da kamfanonin da ke sayen wannan zare su yi sabon kaya da shi.

Me ya sa kafet ke da wahalar sarrafawa har sai an ba da tallafi?

Domin ba abu ɗaya ba ne. Saman kafet zare ne na roba, wanda kan kasance nailan ko poliyesta ko wani nau'i daban, ƙasansa kuma saƙa ce da aka manne da danƙo aka cika da garin farar ƙasa, wanda ke ɗaukar kaso mai tsoka na nauyin kafet ɗin. An yi shi ne don kada ya rabu, alhali mai sarrafawa rabuwar yake nema. Kafin a fara komai sai an haska kowane naɗi da wata na'urar hannu mai gane nau'in zare, saboda ido ba ya bambanta su, kuma idan suka cakuɗu darajar kayan ta zube.

Nailan yana da kasuwa. Akwai nau'insa da ake iya narkarwa a mayar da shi asalin sinadarinsa a sake saƙa sabon zare, kamar yadda kamfanin Aquafil na ƙasar Italiya ke yi. Poliyesta kuwa, wanda ya mamaye kasuwar kafet na gidaje saboda araharsa, ba ya biyan kuɗin wahalar da aka sha a kansa, musamman idan farashin man fetur ya sauka sabuwar roba ta yi araha. Ba don tallafi ba, da juji ya fi sauƙi ga kowa.

To, an samu ci gaba kuwa?

An samu, amma bayan shekaru na jan ƙafa. Har zuwa 2016 adadin da ake sake sarrafawa yana wajen kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, lamarin da ya sa CalRecycle ta tuhumi CARE da gaza nuna ci gaba mai ma'ana, kuma a 2021 ƙungiyar ta amince ta biya tarar da ta haura dala miliyan 1. A 2017 aka zartar da dokar AB 1158, wadda ta sanya ma'auni a fili, wato kashi 24 cikin ɗari kafin 1 ga Janairun 2020, ta kafa kwamitin ba da shawara, ta kuma hana a ba da tallafi don ƙona kafet. Ba a cim ma wannan buri a kan lokaci ba, domin a 2019 kashi 19 aka samu. Sai dai rahotannin ƙungiyar sun nuna kusan kashi 28 a 2021, kusan 34 a 2022, da kimanin 35 a 2023. A ganina, jerin shekarun nan ya nuna cewa aikin bai motsa sosai ba sai da doka ta faɗi adadi da ranar cika shi, aka kuma ga cewa tarar da gaske ce.

Shin waɗannan alƙaluma sun isa a dogara da su?

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara. Ana samun adadin ne ta hanyar raba nauyin abin da aka sarrafa da nauyin kafet ɗin da aka zubar, kuma na biyun ba a ɗora shi a sikeli ba, ana ƙiyasta shi ne daga yawan sabon kafet da aka sayar. Cinikin kafet kuwa yana raguwa, saboda mutane suna komawa ga tayil na roba da katako. Idan abin da ake rabawa da shi ya ragu, kason zai ɗaga ko da aikin bai ƙaru haka ba. Wannan bai soke ci gaban ba, amma yana nufin sai an dubi ainihin nauyin da aka sarrafa, a kuma tambayi inda ya tafi, domin zaren da ya koma sabon kafet daban ne da garin farar ƙasar da aka zuba cikin kayan gini, ko da yake duka biyun suna shiga lissafi.

Yaya ake tsara shirin na dogon zango?

CARE tana gabatar da tsari na shekara biyar-biyar, kamar na 2018 zuwa 2022 da na 2023 zuwa 2027, mai ɗauke da burin kowace shekara, da kasafin kuɗi, da yawan wuraren ajiye tsohon kafet a gundumomin jihar. Amfanin wa'adi mai tsawo shi ne mai kafa masana'antar sarrafawa ba zai zuba jari a injuna ba sai ya tabbatar cewa tallafin ba zai yanke baɗi ba. Babban ƙalubalen kuwa shi ne kuɗin shiga ya rataya ne a kan cinikin da ke raguwa, alhali tsohon kafet da aka shimfiɗa shekaru da suka wuce yana ci gaba da fitowa, don haka kuɗin kowane yadi ke ta hauhawa. Dokar AB 729 ta 2019 ta buƙaci a tanadi shirin ko-ta-kwana idan aka soke tsarin ƙungiyar, sannan a 2024 Gwamna Gavin Newsom ya sanya hannu a kan AB 863, wadda ta ƙara tsananta tara da sharuɗɗan da ke kan kamfanoni.

Akwai wata jihar da ta bi sahu?

Jihar New York ta bi, inda Gwamna Kathy Hochul ta sanya hannu a kan tata dokar a Disambar 2022. Ta bambanta da ta Kalifoniya ta fuskoki biyu. Kamfanoni ne za su ɗauki nauyin kuɗin kai tsaye, ba tare da an rubuta wa mai saye wani ƙari daban a rasit ba, kuma an shimfiɗa burin tun daga farko: kashi 30 cikin ɗari bayan shekara 5, kashi 50 bayan 10, kashi 75 bayan 15. A kowane mataki an ware kason da dole ya koma kafet, wato kashi 10, sai 20, sai 40, abin da zai tilasta wa kamfanoni su sake duba yadda suke ƙera kafet ɗin tun daga masana'anta.