Lambar likita daidai, amma tabarau na sa ciwon kai: ina matsalar?

Waɗannan tambayoyi ne da masu haɗa tabarau a Jidda da Makka suke yawan ji daga 'yan uwa mazauna da alhazai.

*Yayana a Kano ya turo takardar likita ta WhatsApp in sayo masa tabarau. Ta isa?*

Sau da yawa ba ta isa ba, Hajiya. Kowane gilashi yana da wata cibiya inda haske ke wucewa ba tare da ya karkace ba, kuma dole ta zauna daidai gaban ƙwayar ido. Don haka ana buƙatar tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonsa biyu, wadda ake rubutawa PD. A manya takan faɗa tsakanin milimita 54 da 74. Gara a auna kowane ido daban daga karan hanci, misali 31 dama da 33 hagu, domin fuskoki kaɗan ne ɓangarorinsu suke daidai wa daida.

*Milimita biyu ko uku har wani abu ne?*

Ya danganta da ƙarfin gilashin. Lissafin shi ne a ninka kaucewar, a santimita, da lambar gilashin. Mai lamba -1.00 da ya kauce milimita 3 zai ba da firizim 0.3 (firizim shi ne ma'aunin yadda haske ya karkace), da wuya a ji shi. Mai -6.00 kuwa zai ba da 1.8, jijiyoyin ido su wuni suna fama su haɗa hoto biyu ya zama ɗaya. Daga nan ciwon kai da jiri. Kaucewar sama da ƙasa ta fi muni, don ido ba ya jure ta: idan bambancin idanun biyu ya wuce kusan firizim 0.33, a sake aikin.

*Yaya ake saitawa a shago?*

Ana ɗora gilashin a na'urar auna lamba, ta ɗiga masa ɗigo uku a jere: na tsakiya cibiya ce, na gefe biyu suna nuna layin kwance. Sai a duba lambobin da ke hannun firam. Idan an rubuta 52 (faɗin gilashi ɗaya) da 18 (tazarar kan hanci), jimla milimita 70 ke nan. Mai PD 64 za a matsar masa da kowace cibiya milimita 3 zuwa wajen hanci. Bayan haka a manna wa gilashin mariƙin da injin yanka zai kama shi da shi, injin ya yanke gefe.

A nan ne aiki ke yawan lalacewa. Gilashi mai rufin da ruwa ba ya kamawa yana da santsi, yakan juya a cikin injin idan ba a sa masa takardar hana zamewa ba. Ga mai silinda, wato lambar da ke gyara gani ta wata kusurwa takamaimai, wannan juyi ɓarna ce: silinda da ta haura 1.50 ba a yarda kusurwarta ta kauce fiye da digiri 2. Mai irin wannan lamba ya guji firam mai da'ira sosai, don gilashin na iya juyawa a ciki daga baya.

*Na nesa da kusa a haɗe, wanda ba shi da layi fa?*

Wannan kam, Alhaji, sai mai shi ya zo da kansa. Ana gyara firam a fuskarsa tukuna, ya dubi gaba, a yi alama a kan ƙwayar ido. Idan alamar ta yi ƙasa, sai ya ɗaga haɓa kafin ya karanta Alƙur'ani. Idan ta yi sama, nesa ta yi dishi-dishi.

*Tabarau ya yi daidai da farko, yanzu ya canza.*

Duba ko an bar shi cikin mota da rana. Zafin Jidda yana lanƙwasa firam ɗin roba, ɓangare ɗaya ya sauka. Ajiye shi a kan tebur, hannuwa a buɗe: idan ɗaya bai taɓa teburin ba, a kai shago a ɗumama a miƙe shi.