Gutsattsarin antibodi

Gutsattsarin antibodi ƙananan sassa ne da ake yankowa ko ƙerawa daga antibodi, wato furotin ɗin da garkuwar jiki ke yi don damƙe ƙwayar cuta ko dafi. Cikakken antibodi siffar gwafa gare shi: hannuwa biyu masu kamu, da ƙafa ɗaya mai kiran sauran dakarun garkuwa. Sau da yawa hannun kaɗai ake bukata.

Tarihi

A 1959 Rodney Porter, masani ɗan Ingila, ya yanka antibodin zomo da papain, sinadarin da ake samu a gwanda, ya samu gutsure uku. Biyu masu kamu su ne Fab, na ukun kuma Fc. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1972 tare da Gerald Edelman. Sai a 1988 aka iya ƙera gutsure ta hanyar sarrafa ƙwayoyin gado, aka haɗa sassa biyu na bakin kamu da ɗan zaren furotin, aka kira shi scFv.

Mafi ƙanƙanta daga raƙumi ya fito. Wajen ƙarshen shekarun 1980, masu bincike a jami'ar Vrije da ke Brussels suka ga wani antibodi a jinin raƙumi wanda ba shi da ƙaramar sarƙa, wato gajeren zaren furotin da ke kowane hannu na antibodin da aka saba gani, abin da ba a zata ba, suka wallafa a 1993. Bakin kamunsa, da ake kira nanobodi, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na cikakken antibodi, kuma yana jure zafi.

Amfani

Ƙanƙantarsu na sa su ratsa nama da sauri, amma ƙoda ma da sauri take fitar da su. An ga haka a maganin saran maciji: Fab na jinin tumaki da aka gwada a Najeriya a shekarun 1990 kan dafin kububuwa yakan bar jiki tun dafin bai ƙare ba, sai a sake allura. Daga baya aka koma ga cikakken antibodi. Har yanzu masana ba su daidaita kan wanne ya fi ba.

Ranibizumab, wani gutsuren Fab da Amurka ta amince da shi a 2006, allurar ido ce. Caplacizumab, nanobodi na farko da ya zama magani, ya samu izini a Turai a 2018. A ɗakin bincike ana amfani da nanobodi wajen riƙe furotin cak don a ɗauki hoton siffarsa.