Harin masallatan Christchurch: ya kamata a riƙa nuna bidiyon?

Me ya faru a ranar?

Ranar Juma'a 15 ga Maris, 2019, wani ɗan bindiga ɗan Ostireliya ya afka wa masallacin Al Noor da na Linwood a birnin Christchurch na New Zealand lokacin sallar Juma'a. Mutum 51 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Ya ɗaura kyamara a kansa, ya watsa kisan kai tsaye a Facebook na kimanin minti 17.

Tun da an goge shi, yaya aka yi ya bazu?

A cewar Facebook, kallon da aka yi masa kai tsaye bai kai sau 200 ba. Ɓarnar daga baya ta zo, da wasu suka sauke shi suka yi ta sake ɗorawa. Cikin awa 24 na farko kamfanin ya cire kwafi miliyan ɗaya da rabi, miliyan 1.2 daga ciki an tare su tun wajen ɗorawa.

Yadda ake tarewar shi ne kwamfuta ta ciro wa bidiyon wata shaida ta lambobi, sai a riƙa gwada duk sabon bidiyo da ita. Masu yaɗawa sun gane haka. Sai su datse gefe, su juya hoton, su sauya launi, ko su ɗauki allon wayar da wata wayar, shaidar ta daina dacewa. A WhatsApp kuwa, inda saƙo ke tafiya a kulle, kamfani ba ya ganin abin da ake turawa. Can birkin yana hannun mai turawa da shugaban guruf kaɗai.

Ai in ba a gani ba za a manta. Ko ba haka ba?

Mu ba mu yarda da wannan ba. Maharin da kansa ya tsara bidiyon nan don ya jawo magoya baya, saboda haka mai tura shi yana ƙarasa masa aiki ne, ko da kuka yake turawa. Wanda ya kashe mutum 10 a Buffalo ta Amurka a Mayun 2022 ya rubuta cewa harin Christchurch ne ya zaburar da shi, shi ma ya watsa nasa a Twitch, wani dandalin nuna bidiyo kai tsaye. Sannan waɗanda ke faɗuwa a hoton iyayen wasu ne da 'ya'yansu.

Tunawa tana da wasu hanyoyi. Mako guda bayan harin aka sa kiran salla a rediyo da talabijin na ƙasar, aka yi shirun minti biyu, Firaministar ƙasar ta lokacin, Jacinda Ardern, kuma ta ƙi ambaton sunan maharin.

To a shafe shi kwata-kwata?

A'a. Kotu da 'yan sanda da masu bincike suna buƙatarsa, a killace. Hukumar tace finafinai ta New Zealand ta haramta shi ga jama'a: riƙe shi na iya jawo ɗaurin shekara 10, yaɗa shi shekara 14.

Idan irinsa ya shigo wayata fa?

Kada ka buɗe, kada ka tura. Ka kai rahotonsa ta cikin manhajar, ka goge shi daga hira da ma'ajiyar hotuna, ka kashe saukewa ta kai-da-kai, musamman in yara na taɓa wayar.