Ciwon matsematsi bayan tiyatar gwaiwa ba dawowarta ba ne kullum

Mutane da yawa, da zarar zafi ya ƙi tafiya bayan tiyata, sai su ce gwaiwar ce ta dawo. Sau da yawa ba ita ba ce. Jijiyoyi 3 masu kai saƙon ji ne suka ratsa matsematsi, kuma ɗinki, tabo ko ragar da aka saka don ƙarfafa wurin na iya danne ɗaya. Shi ya sa ake jin ƙuna ko suka kamar lantarki, har gugar wando ta dami mutum.

In zafin ya wuce wata 3, a koma asibiti, a daina dogaro da tiramadol. Likita kan fara da maganin ciwon jijiya kamar gabapentin ko amitriptyline, sai allurar kashe zafi a jijiyar. In abin ya faskara, a cire jijiyar da tiyata.