Jack Cornwell

John Travers Cornwell, wanda aka fi sani da Jack Cornwell, yaro ne sojan ruwan Birtaniya da ya rasu ranar 2 ga Yuni, 1916, yana da shekara 16, sakamakon raunukan da ya samu a fafatawar Jutland lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan rasuwarsa aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a sojan Birtaniya, kuma shi ne mafi ƙarancin shekaru cikin waɗanda suka samu lambar a wannan yaƙi. Abin da aka yaba masa a kai shi ne tsayuwa: ya ƙi barin bakin igwarsa bayan an karkashe ko an raunata galibin abokan aikinsa, alhali shi ma yana ɗauke da raunin da ya zama ajalinsa. Sunan da ya yi daga baya ya wuce wannan aiki nesa ba kusa ba, domin labarin ya zo ne a daidai lokacin da Birtaniya ke neman gwarzon da za ta nuna wa jama'arta.

Tasowarsa

An haife shi ranar 8 ga Janairu, 1900, a Leyton da ke gabashin Landan. Gidansu na talakawa ne. Mahaifinsa, Eli Cornwell, tsohon soja ne da ya koma neman na tuwo da ƙananan ayyuka, daga baya iyalin suka koma unguwar Manor Park. A can Jack ya yi makarantar Walton Road, ya kuma shiga ƙungiyar 'yan sikawut. Kamar yawancin 'ya'yan talakawan Ingila na wancan zamani, bai yi nisa da karatu ba. Ya zama yaron motar raba kaya a kamfanin shayi na Brooke Bond. A 1915, yana ɗan shekara 15, ya shiga rundunar sojan ruwa.

Shigar yaro kamarsa ba saɓa doka ba ce. Rundunar ruwan Birtaniya ta daɗe tana ɗaukar samari 'yan shekara 15 zuwa 16, har tana da matakan muƙami na musamman dominsu, kuma ana tura su cikin jiragen yaƙi tare da manya. An horar da shi a barikin Keyham da ke Plymouth, inda ya koyi aikin saita igwa. Mai wannan aiki yana tsayawa ne a gefen igwar da waya a kunne. Daga sama ake faɗo masa nisan jirgin abokan gaba, shi kuma ya murɗa ma'auni ya daidaita. Idan ya kuskure, harsashi ya tafi a banza. A 1916 aka tura shi jirgin HMS Chester.

Jirgin Chester da ranar Jutland

Chester sabon jirgi ne fil. Kamfanin Cammell Laird ne ya ƙera shi a Birkenhead, asali don ƙasar Girka, amma da yaƙi ya ɓarke sai gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi. Ya fara aiki a watan Mayu 1916, wato 'yan makonni kaɗan kafin fafatawar, kuma da yawa daga cikin ma'aikatansa sababbin hannu ne. Igwoginsa masu bakin inci 5.5 ne, kowace da garkuwar ƙarfe a gaba. Sai dai garkuwar a buɗe take ta baya, kuma ba ta sauka har daɓen jirgin ba. Wannan giɓi ya ci rayuka a ranar: duk harsashin da ya fashe a kan daɓe, tarkacensa na bi ta ƙasa da ta baya su sassare mutanen da ke fake. Da yawa daga cikin waɗanda suka jikkata a Chester a ƙafa suka samu raunin.

A ranar 31 ga Mayu, 1916, manyan rundunonin ruwan Birtaniya da Jamus suka yi karo a Tekun Arewa, daura da gaɓar Jutland ta ƙasar Danmak. Jirage wajen 250 ne suka shiga, Adimiral Jellicoe na jagorantar na Birtaniya, Adimiral Scheer na jagorantar na Jamus. Aikin Chester shi ne leƙen hanya ga ayarin Adimiral Horace Hood. Da yamma, bayan ƙarfe biyar da rabi, kyaftin ɗin jirgin, Robert Lawson, ya hango walƙiyar harbi cikin hazo, ya juya don ya duba. Sai ga shi a gaban jiragen Jamus huɗu: Frankfurt, Wiesbaden, Pillau da Elbing. Cikin ƙasa da minti 20 suka yi masa ruwan wuta, harsasai fiye da goma sha biyar suka same shi. Injinsa ne bai taɓu ba, da shi ya samu ya kurɗa ya koma wajen manyan jiragen Hood. Shi kansa Hood bai kai dare ba; jirginsa Invincible ya tarwatse da mutum sama da dubu, shida kaɗai suka tsira.

Igwar Cornwell ita ce ta can goshin jirgin. Tun a harbin farko tarkacen ƙarfe suka shige masa ƙirji. A wasiƙar da Kyaftin Lawson ya rubuta wa mahaifiyarsa, ya ce cikin mutum goma da ke kan igwar, biyu ne kawai ba a kashe ko an raunata ba, kuma igwar ma ba ta iya juyawa ta fuskanci abokan gaba. Duk da haka yaron ya ci gaba da tsayuwa a wurinsa, a fili, yana jiran umarni, don yana ganin ana iya bukatarsa. Wannan shi ne abin da shaidu suka faɗa. Wasu zane-zane da labaran da suka biyo baya sun nuna shi yana ɗura harsashi yana harbi shi kaɗai, amma rahoton hukuma bai ce haka ba.

Washegari Chester ya isa Immingham a bakin kogin Humber, aka kai masu rauni asibitin Grimsby. A nan Jack ya cika ranar 2 ga Yuni, kafin mahaifiyarsa ta iso.

Jana'iza biyu

Binnewar farko babu wani biki. An sa shi a kabarin gama-gari a maƙabartar Manor Park, da lamba a kan katako maimakon suna. Yana ɗaya daga cikin mutum sama da 6,000 da Birtaniya ta rasa a Jutland, tare da jirage 14, yayin da Jamus ta rasa wajen 2,500 da jirage 11. Waɗannan alƙaluma sun yi wa mutanen Birtaniya ɗaci, don an raine su a kan cewa babu mai ja da su a teku. Kwana uku bayan rasuwar Jack, sakataren yaƙi Lord Kitchener ya nutse a teku. Ranar 1 ga Yuli kuma aka fara yaƙin Somme a Faransa, inda sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu a rana guda.

Cikin wannan yanayi aka buga rahoton Adimiral David Beatty, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Birtaniya a Jutland, a farkon Yuli. A ciki ya ambaci yaron da suna, ya ce bai kai shekara sha shida da rabi ba, ya kuma nemi a karrama shi. Jaridu suka yi caa a kan labarin. Jaridar Daily Sketch ta gano kabarin, ta buga shi a shafin farko, ta tayar da ƙura cewa an wulaƙanta gwarzo. Hoton da aka yi ta yaɗawa a matsayin nasa ma na ɗan'uwansa ne da aka sa wa kayan sojan ruwa. Aka tono gawar, aka sake binne ta ranar 29 ga Yuli, 1916, a maƙabartar dai, amma wannan karon da cikakkiyar girmamawar soja: akwati a kan keken igwa, yara sojojin ruwa na ja, 'yan sikawut da 'yan makaranta na biye, dubban mutane sun yi cincirindo a titunan East Ham.

An sanar da ba shi Victoria Cross ranar 15 ga Satumba, 1916, bayan matsin lamba daga jaridu da majalisa. Mahaifiyarsa ta karɓa daga hannun Sarki Joji na Biyar a fadar Buckingham ranar 16 ga Nuwamba. Mutum huɗu ne suka samu lambar saboda Jutland. Sauran ukun duk hafsoshi ne.

Yadda aka raya sunansa

Makarantu ne suka fi ɗaukar labarin. An ware ranar Jack Cornwell a watan Satumba 1916, aka rarraba hotonsa don a liƙa a azuzuwa, aka kuma buga wasu 'yan takardu masu kama da kan sarki ɗauke da fuskarsa, yara na saya kwabo-kwabo. Da wannan aka tara fam 18,000, aka buɗe ɗakin jinya da sunansa a gidan kula da naƙasassun sojoji na Star and Garter da ke Richmond. Mai zane Frank Salisbury ya yi babban hotonsa tsaye a gefen igwa, ƙanensa Ernest ne ya tsaya masa ya kwaikwaya. Darasin da malamai suka riƙa cusa wa yara da sunansa shi ne biyayya da riƙe amanar aiki. Wanda ya karanta labarin a yau zai iya yin wata tambayar da ba a cika yi ba a lokacin, wato me ya kai ɗan shekara 16 goshin jirgin yaƙi tun farko.

Robert Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya ba shi lambar jarumtar ƙungiyar, sannan ya ƙirƙiro bajon Cornwell a 1916. Har yanzu ana ba da shi, galibi ga yaran da suka nuna juriya cikin doguwar jinya ko wata babbar wahala. An gina gidaje da sunansa a Hornchurch don naƙasassun sojojin ruwa, an sa wa tsohuwar makarantarsa sunansa, akwai ma dutse a Kanada da ake kira da shi.

Iyalinsa kuwa ba su ga komai a wannan daula ba. Mahaifinsa, wanda ya sake komawa soja duk da shekarunsa, ya rasu da ciwon ƙirji a watan Oktoba 1916, aka binne shi a kabari ɗaya da ɗansa. An kashe yayansa Arthur a Faransa a watan Agusta 1918. Mahaifiyar ta ƙare rayuwarta cikin talauci a ɗakin haya a Stepney, ta rasu a 1919, yayin da asusun da ke ɗauke da sunan ɗanta ke da dubban fama-famai. Wasu daga cikin 'yan'uwansa sun yi ƙaura zuwa Kanada bayan haka.

An kafa dutsen tunawa a kan kabarin da gudummawar 'yan makarantun East Ham da tsofaffin ɗalibansu. A 1968 'yar'uwarsa ta ba gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan aron lambar Victoria Cross ɗin, kuma igwar da ya tsaya a gefenta tana cikin kayan da gidan ke nunawa. A 2016, da aka cika shekara 100 da fafatawar Jutland, hukumomin Ingila suka sa kabarin cikin jerin wuraren tarihi da doka ta ba kariya.