Waiwaye: tun yaushe muka fara yanke kauna da demokaraɗiyya?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 muhawara ba ta ƙare ba a nan Maraɗi, a fada wajen shan shayi, a tasha, a WhatsApp, wasu na cewa demokaraɗiyya ba tamu ba ce, wasu na cewa mulkin soja bai taɓa kai ƙasa gaci ba. Ni abin da ke damuna shi ne ana magana kamar jiya abin ya fara.

Kowa ya san jerin juyin mulkin da aka yi a Nijar: 1974, 1996, 1999, 2010, sai 2023. Kowa ya san Taron Ƙasa na 1991 da ya share fagen demokaraɗiyya, da zaɓen 1993, karon farko da jam'iyyu da yawa suka yi takarar shugaban ƙasa.

Amma ba a cika tuna watan Janairun 1994 ba. A lokacin ne aka karya darajar sefa da rabi bayan taron Dakar, faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Sabuwar gwamnatin da talaka ya sha rana a layi ya zaɓa ko shekara ba ta cika ba fa. Dama kuɗin yuraniyom sun ja baya tun shekarun 1980, baitulmali ba komai, albashi sai a yi wata da watanni ba a gani ba. Sai ga maganin farmasi ya yi tsada, kayan gyaran mota da duk abin da ake shigowa da shi daga waje suka tashi, malamin lakwal da ke rike da gida da 'yan jikkunansa ya koma cin bashin hatsi wajen mai shago, yajin aiki kuwa yau malamai gobe ɗalibai, yara na zaune gida.

To a haka mutanenmu suka fara ɗanɗana demokaraɗiyya, ga 'yancin magana ga jaridu ga rediyo, amma tukunya ba ta ɗoruwa. Masu nazarin kimiyyar siyasa sun daɗe da lura cewa sabuwar demokaraɗiyya a ƙasa matalauciya ta fi saurin faɗuwa in tattalin arziki ya karye, domin mutane ba su riga sun ga amfaninta ba balle su tsaya kare ta. Wallahi wannan shi ya same mu. Rikicin siyasa na 1995 tsakanin shugaban ƙasa da firaminista ya zo ya tarar da jama'a sun riga sun gaji, da sojoji suka fito a Janairun 1996 ba a ga wani gagarumin bore a tituna ba.

Yaran da aka haifa a waɗancan shekarun su ne manyan fada yanzu, kuma labarin da suka tashi suna ji a gida kenan.